Harbin Zuma, Rina da Cinnaka: Yadda Likita Ke Gane Wanda Jikinsa Ba Ya Jure Dafi

 Sharhin yau a kan harbi yake: harbin ƙudan zuma, da na rina, da na cinnaka, da yadda likitoci ke rarrabe wanda harbi zai yi wa raɗaɗi kawai da wanda zai iya aika shi barzahu.

Hausawa sun ce zuma ga zaƙi ga harbi, kuma ga yawancin mutane harbin bai wuce zafi na 'yan mintuna, da ɗan kumburi, da ƙaiƙayi na kwana ɗaya ko biyu ba. Sai dai binciken da aka yi a Turai da Amurka ya nuna cewa a cikin manya ɗari, wajen uku harbi guda ya taɓa birkita musu jiki gaba ɗaya. A yara adadin bai kai haka ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga mutum 1,109 da harbin zuma da dangin rina ya kashe a ƙasar tsakanin 2000 da 2017, kimanin 62 ke nan a kowace shekara, kuma wajen kashi 80 cikin ɗari maza ne. A ƙasar da motar asibiti ke zuwa har ƙofar gida ke nan fa.

Abin da ke kashe waɗannan mutane ba ƙarfin dafin ba ne. Dafin da zuma ɗaya ke zuba wa mutum ɗan mitsitsi ne ƙwarai, tsakanin maikirogiram 50 zuwa 140 ne, na rinar Turai ma bai kai ko kusa da haka ba. Garkuwar jikin mutumin ce ke yi masa aika-aika. Masana Faransa biyu, Charles Richet da Paul Portier, su suka fara cin karo da wannan al'amari. A 1901 Yarima Albert na Monako, mai sha'awar binciken teku, ya ɗauke su a jirgin ruwansa don su nazarci dafin wata halittar teku mai harbi. Da suka koma Paris sai suka ci gaba da gwaji a kan karnuka, da niyyar su saba musu da dafi don ya daina yi musu illa. Aka samu akasi. Karen da ya sha allurar farko lafiya lau, da aka ƙara masa ɗan mitsitsi bayan 'yan makonni, bai yi awa guda ba ya sheƙa. A 1902 suka raɗa wa abin suna anafilaksis, kuma a 1913 Richet ya karɓi lambar Nobel a kansa.

Sai bayan fiye da shekara sittin aka gano mai laifin. A ƙarshen shekarun 1960, mata da miji 'yan Japan, Kimishige da Teruko Ishizaka, da ke aiki a Amurka, da wasu masana a Suwidin, suka zaƙulo wani sinadarin garkuwa da aka sa wa suna IgE. A harbin farko jikin wasu mutane yakan ƙera wannan sinadari, ya je ya maƙale a jikin wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast, waɗanda ke jibge a fata da hanji da hanyoyin numfashi. Ranar da dafi ya sake shigowa, sai ƙwayoyin su amayar da sinadarin histamin da 'yan uwansa a lokaci guda. Jijiyoyin jini su saki, jini ya yi ƙasa, maƙogwaro ya kumbura, ƙirji ya toshe. Shi ya sa maganar nan ta "ai an sha harbinsa, ba abin da ya same shi" ba hujja ba ce. Harbin bara shi ke shirya na bana.

To ta yaya ake gane mai wannan matsala? Mutane da yawa sun ɗauka amsar tana cikin kwalbar jini a ɗakin gwaji. Ƙwararrun fannin kuwa sun haɗu a kan cewa bincike daga bakin majiyyaci yake farawa, gwaji bin baya yake yi ya gaskata labarin. Likitan da ya san aikinsa zai zaunar da mutum ya yi ta tambaya. Me ya harbe ka? A ina kake, gindin mangwaro ne, ko bakin amya, ko kana gyaran rufin ɗaki? Harbi nawa? Ya bar ƙari a fatarka? Minti nawa aka yi kafin ka fara jin canji? Me ka fara ji? Muryarka ta dushe? Ka kasa haɗiyar yawu? Ka yi amai, ko cikinka ya murɗa? Ka faɗi? Me aka ba ka, kuma ya yi aiki? Tambayar ƙari tana da dalili: ƙudan zuma ƙarinsa mai ƙayoyi ne, yakan kafe a fata ya tsinke daga jikinsa, rina kuwa yawanci zare abinta take yi ta sake kai hari. Mutumin da ke gudun ceton rai ba ya tsayawa ƙare wa ƙwaro kallo, don haka sau da yawa wannan alama da wurin da abin ya faru su ke nuna wa likita hanya.

Daga amsoshin nan ne ake ware mutane. Akwai wanda aka harba a yatsa hannu ya kumbura suntum har gwiwar hannu. Kumburin da ya haura santimita 10, ya ci gaba da hauhawa kwana ɗaya zuwa biyu, ya ɗauki mako kafin ya saɓe, yana tayar da hankalin iyaye matuƙa, har a garzaya kemis a sayo maganin ƙwayoyin cuta a kan zaton wurin ya ruɓe. Mafi yawan lokaci ba ruɓewa ba ce. Kuma duk da munin gani, haɗarin mai irin wannan kumburi ya faɗa anafilaksis a harbi na gaba bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Galibi ba ya bukatar wani gwaji.

Wanda ake nema shi ne wanda alamu suka fito masa nesa da inda aka harbe shi. An harbe shi a ƙafa, sai tafin hannu ya kama ƙaiƙayi, jiki ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, leɓe da fatar ido suka kumbura. Idan abin ya tsaya a fata, mataki ne mai sauƙi. Idan ya taɓa numfashi, ko ya kawo jiri da suma, ya zama babba. Yawanci cikin rabin awa ake ganin wannan, kuma gwargwadon saurin zuwansa gwargwadon muninsa. Wani likita a Ingila, Richard Pumphrey, da ya bi diddigin waɗanda anafilaksis ya kashe a ƙasar, ya gano cewa a waɗanda harbi ya kashe, tsaka-tsakin lokacin da ake ɗauka daga harbi zuwa tsayawar numfashi ko zuciya minti 15 ne.

Akwai kuma wani rukuni da ake yawan rikitawa da waɗannan, wato wanda taron zuma ya yi wa rubdugu. Zumar Afirka ta yi suna wajen faɗa. Ita ce masanin Birazil Warwick Kerr ya kai ƙasarsa a 1956, wasu suka kufce a 1957, zuriyarsu ta bazu har ta isa jihar Texas ta Amurka a 1990. Wanda ɗaruruwa suka harba, dafin ne kansa ya yi masa yawa: tsoka ta lalace, fitsari ya yi baƙi ko ya ɗauke, ƙoda ta gaza, wani lokaci bayan kwana ɗaya ko biyu. Wannan guba ce, kamar ta kunama, kowa ma za ta kayar. Abin da yake bukata shi ne kwanciya a asibiti da duba ƙoda.

Wani abu da littattafan likitanci na Turawa suka daɗe ba su kula da shi ba shi ne launin fata. Suna cewa a nemi ja. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, har ma'aikacin lafiya ya duba ya ce bai ga komai ba alhali jiki ya tashi. Tudun ake nema, a shafa da hannu, a haska fitila ta gefe. Wannan ya shafi gwajin fata ma.

Gwajin fata ga yadda yake. Ana ɗiga ɗan ruwan dafi da aka tace aka tsarma a cikin hannu, a ɗan tsaga fata da tsinin allura. Idan ba a ga komai ba sai a shigar da ɗan kaɗan cikin fatar, a fara da mai rauni ƙwarai, a riƙa ƙara ƙarfi ninki goma-goma har a kai maikirogiram ɗaya a mililita. Ba a wuce nan, domin daga nan dafin zai tayar da fatar kowa. A gefe ana sa ɗigon histamin da na ruwan gishiri, ɗaya don a tabbatar fatar tana amsawa, ɗaya don a tabbatar ba tsagar allura ce ta tayar da ita ba. Bayan minti 15 zuwa 20 a auna faɗin tudun. Wanda ke shan maganin ƙaiƙayi irin su Piriton sai ya dakata na wasu kwanaki, in ba haka ba gwajin zai yi ƙarya. Sannan lokaci yana da muhimmanci: a makonnin farko bayan mummunan harbi, jiki kan yi shiru, gwaji ya fito babu komai. Saboda haka ake jira mako huɗu zuwa shida, ko a maimaita. Gwajin jini shi kuma yana auna yawan IgE da ke gane dafin, kuma ɗayansu kan kama abin da ya kuɓuce wa ɗayan.

A nan ne gizo ke saƙa. Idan aka tara manya masu ƙoshin lafiya aka gwada su, wajen ɗaya cikin huɗu ko biyar zai nuna yana da IgE na dafin zuma ko na rina, musamman wanda aka harba ba da daɗewa ba. Mafi yawansu za a sake harbinsu su wuce abinsu. Gwajin tamkar ganin tarko ne a ɗane: ya nuna an ɗana, bai nuna zai kama ba. Girman tudun a fata ko yawan lambar a takarda ma ba ya faɗin yadda harbi na gaba zai kasance. Don haka ƙwararru suka hana gwada wanda bai taɓa samun matsala ba, ko da mahaifinsa harbi ne ya yi ajalinsa. Sakamakon zai jefa shi cikin fargaba ne kawai, wataƙila ya raba shi da gonarsa ko sana'arsa a banza.

Wata matsalar kuma, kusan rabin waɗanda gwajin jininsu ya nuna wani abu, yakan nuna zuma da rina duka biyu, alhali ƙwaro ɗaya ne ya kayar da su. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wasu 'yan guntayen sukari da ke maƙale a jikin sinadaran dafi. Irin su ne a tsirrai, irin su ne a wasu tsutsotsin ciki, kuma IgE da ke kama su ba ya cutar da kowa, sai dai ya ruɗa na'ura. Wani bincike da Abena Amoah da abokan aikinta suka buga a 2013, a kan 'yan makaranta sama da 1,600 a yankin Accra na Ghana, ya fito da wannan fili. Kusan kashi 17 da rabi cikin ɗari na yaran jininsu ya nuna IgE na gyaɗa, amma waɗanda suka ce gyaɗa na yi musu illa ba su kai kashi 2 ba, kuma an ga alaƙa tsakanin wannan sakamako da cutar tsargiya. Binciken a kan gyaɗa yake, amma guntayen sukarin su ne dai ke cikin dafin zuma. Likitan da ke aiki a garuruwan bakin dam da fadama, inda tsargiya ta zama ruwan dare, ya kamata ya karanta irin wannan takarda da ido biyu. Manyan ɗakunan gwaji sun samo mafita: maimakon dafin gaba ɗaya, sai su gwada sinadaransa ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka ƙera ba tare da sukarin ba, irin su Api m 1 na zuma da Ves v 5 na rina.

Wani zai ce, me zai hana a kamo zuma ta harbi mutum a gaban likita a ga zahiri? Ana yi, amma a wajen bincike. A ƙasar Holan an gwada: waɗanda suka tsallake harbin gwaji na farko lafiya, da aka sake musu, kusan ɗaya cikin biyar ya kamu.

Yanzu batun yara, inda hukunci ya sha bamban da na manya. Mafi yawan abin da aka sani ya fito ne daga jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore. A 1990 Martin Valentine da abokan aikinsa suka bayar da rahoto a kan yaran da harbi ya tayar musu da borin jini a fata kaɗai. A cikin waɗanda ba a yi wa maganin allurar dafi ba, wanda za mu zo kansa gaba, ƙasa da harbi ɗaya cikin goma ne ya sake tayar da wani abu, kuma babu wanda ya fi na farko muni. A 2004 David Golden ya bibiyi yaran da cibiyar ta gani bayan shekara goma zuwa ashirin. Masu alamun fata kaɗai, kashi 13 cikin ɗari ne suka sake samun matsala. Amma waɗanda tun suna ƙanana harbi ya taɓa musu numfashi ko ya sumar da su, kuma ba a yi musu magani ba, kashi 32 suka sake kamuwa. Ashe maganar cewa yaro zai girma abin ya bar shi gaskiya ce ga wasu, ga wasu kuwa ganganci ce. Yaron da ya yi ruɗu-ruɗu kawai, yawanci sai a kwantar wa uwarsa hankali. Yaron da ya yi ta tari da shaƙewa, ko ya yi laƙwas, a bincike shi kamar babba. Wahalar ita ce ƙaramin yaro ba zai ce maƙogwarona ya matse ba. Uwa ce ko yaya za ta lura kukansa ya canza, yawu na dalala, ya yi shiru farat ɗaya.

A manya haɗarin ya fi yawa. Wanda ya taɓa yin mummunan anafilaksis, yiwuwar ya maimaita a harbi na gaba takan kai kusan rabi. Shekaru da ciwon zuciya suna ƙara nauyin abin, shi ya sa likita ke tambayar magungunan hawan jini da mutum ke sha, ba don ya daina su da kansa ba. Masu kiwon zuma labarinsu da ban mamaki: wanda ake harbi sau ɗaruruwa a shekara jikinsa kan saba, wanda ke shan harbi jefi-jefi, kamar sabon shiga ko iyalin gidan, shi ya fi shiga haɗari.

Akwai wata alama da ba a so a yi sakaci da ita. Babban mutum, an harbe shi, ya yanke jiki ya faɗi, amma fatarsa sumul, ba ƙuraje ba kumburi. A gida sai a ce tsoro ne, ko iska ce ta buge shi. Ga ƙwararre wannan na iya zama alamar wata cuta da ake kira mastosaitosis, inda ƙwayoyin mast suka yi yawa a ɓargo. Ana fara gano ta da gwajin wani sinadari a jini mai suna tiriptes. Idan aka ɗebi jinin cikin awa ɗaya zuwa uku da faruwar abin, tashinsa na tabbatar da cewa anafilaksis ne. Idan kuma aka auna lokacin da mutum yake lafiya aka tarar yana sama da nanogiram 11.4 a mililita, sai a zurfafa bincike. Masu wannan cuta su suka fi kowa haɗari.

Duk wannan wahalar ana shan ta ne saboda akwai magani, kuma maganin sai an san ƙwaron. Shekaru da dama likitoci suna niƙa ƙwaro ɗungurungum su yi wa mutane allura da ruwansa. Wata likita a New York, Mary Loveless, ta yi ta cewa dafin zalla ya kamata a yi amfani da shi, ba a saurare ta ba. A 1978 aka raba gardama a Baltimore. Aka kasa majiyyata kashi uku, aka yi musu allurai, sannan aka harbe su. Cikin 12 da aka yi wa allurar da ba magani a ciki, 7 suka kamu. Cikin 11 da aka yi wa ta niƙaƙƙen ƙwaro, 7 suka kamu. Cikin 18 da aka yi wa ta dafi, mutum 1. Daga nan aka koma allurar dafi: a fara da ɗan mitsitsi, a hau har maikirogiram 100, a ci gaba kusan wata-wata na shekara uku zuwa biyar. Tana kare fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu matsalar rina, da wajen kashi 80 na masu matsalar zuma.

Sai dai kayan gwajin da na allurar an haɗa su ne da ƙwarin Turai da Amurka. Zuma ba damuwa, dafin tamu da tasu kusan ɗaya ne. Amma doguwar rinar nan mai siririn ƙugu da ke rataya sheƙarta a ƙarƙashin rufi dangi ce ta nesa ga wadda ke cikin kwalbar gwaji. Haka wani nau'in baƙin cinnaka da Larabawa ke kira samsum, wanda masana suka fara bayyanawa a 1862 daga Sennar ta ƙasar Sudan, kuma yake ko'ina a yankin sabana na Afirka. Likitoci a Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa sun sha bayar da rahoton anafilaksis daga harbinsa. Mutumin da irin waɗannan suka kayar, gwajinsa na iya fitowa fes, kuma wannan bai wanke shi ba.

A yawancin garuruwanmu ma gwajin ba ya samuwa. Abin da ke hannu shi ne labarin, da allurar adirenalin, wadda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ita ce maganin farko, a tsokar cinya ta waje: rabin miligiram ga babba, ga yaro gwargwadon nauyinsa, kuma ana iya maimaitawa bayan minti biyar. Piriton yana rage ƙaiƙayi, amma ba ya buɗe maƙogwaro, ba ya ɗaga jini. Manja da madara da taɓo ɓata lokaci ne. Ƙari a cire shi nan take, ko da farce ko da me, domin wani gwaji da aka buga a 1996 ya nuna saurin cirewa ne ke rage dafi, ba salon cirewa ba. Wanda jiri ya ɗiba a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, sai fa in numfashi ne ya gagara, a bar shi ya zauna. Ɗabi'ar nan ta a yayyafa ruwa a ciccibi mutum a tsayar da shi a kan ƙafafunsa tana kisa. Pumphrey ya tarar da waɗanda suka cika daidai lokacin da aka tayar da su zaune ko tsaye.

In an samu lafiya, kafin a bar asibiti a roƙi ma'aikacin ya rubuta a kati: ranar, da irin ƙwaron, da mintunan da aka yi kafin alamu su fara, da awon jinin da aka samu da isowa, da ko fata ta tashi ko ba ta tashi ba, da allurar da aka yi. A ajiye katin, a kuma ɗauki hotonsa a waya, a nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa. Ƙwararren da zai ga mutumin bayan mako shida, da wannan katin zai yanke shawarar ko a yi gwaji, da dafin da za a gwada.